Abin da Ya Jawo wa Ƙadangare Jan Kai

Ga ta nan, ga ta nanku, ku matso kusa!

Ta zo mu ji ta, mun matso!

Kififiya, kunkuruwar ruwa, tana da 'yar gonar ciyawar teku a bakin gaɓa, ita ce abincin 'ya'yanta. Idan ruwa ya janye, sai ta lulluɓe ciyawar da ganyen kwakwa.

Ran nan za ta unguwa, ta ce wa maƙwabcinta Ƙadangare, "Ƙanena, ga amanar gonata."

Ya ce, "Je ki abinki, Yaya."

Shi kuwa Ƙadangare, a wurinsa ba ciwon da rana ba ta warkarwa. Da ya leƙa ya ga ciyawa jiƙe sharkaf cikin duhu, sai tausayi ya kama shi. Ya ce, "Wayyo, bayin Allah, sanyi zai kashe ku!" Ya kwashe ganyen kakaf.

Rana ta take. Ciyawa ta koɗe, ta yi fari fat, saura ɗan tsiro guda a gefe. Ƙadangare ya zabura. Ya ruga ya yi wa tsiron rumfa da jikinsa, rana na dukan ƙeyarsa, bai motsa ba.

Kififiya ta dawo ta tarar da ɓarna. Ta buɗe baki za ta yi faɗa, sai ta ga kansa ya ƙone jawur.

Ta ce, "Kai ka kashe, kai ka raya?"

Kunya ta kama shi, ya shiga gyaɗa kai.

Ta yayyafa masa ruwa, ta ce, "Taso, sarkin shanya. Wannan tsiron ya isa iri."

Har gobe kansa ja ne, kuma yana nan yana gyaɗa shi.

Ƙurunƙus! Yau kan ƙadangare ne, ɓera ya huta.