Hanya Biyu a Rami Ɗaya

Akwai wata mata da ake yi wa laƙabi da Rage-Mini. A wata guda ta rasa kusan rabin masu cinikinta, ta kuma rasa wani wuri da ta rantse ba mai taɓa shi. Abin da ta samu shi ne ƙofar sana'arta ba ta rufu ba, har yau tana buɗe.

Mijinta ya rasu ya bar mata 'ya ɗaya da sana'a ɗaya. Sana'ar dogon ƙarfe ce a saman gidansu, an ɗaɗɗaura masa farantai masu kamawa da aika intanet. Mijin yakan saro intanet a wurin manyan kamfanoni, ya raba wa gidaje da shaguna ta iska, su biya duk wata. A ƙarƙashin matakala akwai wani akwati da suke kira rauta, shi ke zaɓar hanyar da saƙon kowa zai bi ya fita.

Ita karatunta bai wuce sa hannu ba, don haka 'yarta ke zama gaban kwamfuta. Amma ciniki nata ne. In ta tsuke baki ta ce "rage mini", sai mai kaya ya ji kamar shi ya yi laifi.

Marigayi hanya biyu yake saye. Ɗaya babba ce, waya ta ƙarƙashin ƙasa. Ɗayar ƙarama ce mai tsada, ta iska take zuwa daga eriyar abokinsa Dogo, can kan tsaunin bayan gari. In babbar ta yanke, rauta ta juya kan ƙaramar da kanta.

Da Dogo ya zo sabunta yarjejeniya, ta nuna masa kujera.

"Matar abokina, yaya ƙarin haƙuri?"

"Da godiya. Dogo, kai ƙarfin intanet mega hamsin kake ba mu, kuɗinka ya kusa na masu ba mu ɗari uku. Kuma 'yata ta ce hanyarka barci take yi dare da rana. Barci zan riƙa biya?"

Ya yi dariya. "Ai ranar da za ta farka kike biya."

"Rage mini."

"Ba ni can ƙololuwar ƙarfenki in ɗora babban faranti, sai in ƙara miki ƙarfi a kuɗin nan."

Fuskarta ta canza. A ƙololuwar nan farantin farko yake, wanda mijinta ya ɗaura da hannunsa tun ba su da komai. Ya daɗe da daina aiki, amma kullum in ta fito shanya sai ta ɗaga kai ta dube shi.

"Tun ƙasa ba ta bushe a kansa ba har ka fara auna ƙarfensa? Kwashe tarkacenka."

Dogo ya miƙe, ya yi sallama, ya tafi.

Ba a jima ba wani ɗan talla mai farar riga ya zo daga wani sabon kamfani. Mega ɗari uku, a rabin kuɗin Dogo. Ta matsa masa har ya kwance maɓallin wuya yana share gumi, sai da ya ƙara ragewa.

'Yarta ta leƙo daga ƙarƙashin matakala. "Umma, Baba fa ba ya sayen hanya sai ya tambaya ta ina ta biyo. Har takawa yake yi ya gani."

"Babanki Allah ya jiƙansa, yawo yake so. Kamfani daban, mota daban, rasit daban. Me ya rage? Yanzu hanya biyu gare mu, duk manya. Ke dai danna abinki."

Wata uku abin yana gudu kamar ruwa. Masu ciniki suna yabo, ita kuwa duk wanda ya zauna sai ta ba shi labarin yadda ta sa mai farar riga gumi.

Wata safiya tana wanke-wanke ta ji 'yarta ta ƙwala mata kira. Fitilu biyu a jikin rauta, duk sun koma ja.

'Yar ta kira kamfanin farko. Suka ce masu haƙa ramin bututun ruwa sun datse wayarsu a babbar mararraba. Ta kira na biyu. Suka ce masu haƙa sun datse wayarsu a babbar mararraba.

Rage-Mini ta yafa mayafi ta tafi da ƙafarta. Ta tarar da motocin kamfanonin biyu a jere, ma'aikatansu suna tsaye bakin rami suna hira. A cikin ramin baƙar waya guda ce, a yanke, siraran zare sun fito daga cikinta kamar gashi.

Ta dubi wani ma'aikacin kamfanin farko. "Ɗana, wannan wayarku ce ta farko. Ina ta biyun?"

"Mama, ai duk ita ce. Waɗannan a wurinmu suke sara, su sayar muku."

Ta daɗe tana kallon ramin. Sau biyu take biyan waya ɗaya.

Gyara ya ƙi ƙarewa, don injin haƙa ya ja wayar ya tsinka ta a wurare da yawa. Mai shagon magani ya daina amsa gaisuwarta. Mai buga takardu ya ciro farantinsa ya ajiye mata a ƙofa. Sai ga shugabar ƙaramin asibitin unguwa, wadda tun zamanin marigayi suke tare.

"Yaya, ba faɗa na zo ba. Hotunan marasa lafiya muke turawa likita ya duba. Jiya sai da muka sa a mota aka kai. Mun koma wurin wasu."

Wannan ta fi yi mata ciwo. Ta hau sama ta tsaya gindin ƙarfen. Sai ta lura ƙaramin farantin Dogo yana nan inda yake, yana kallon tsauni. Ashe bai taɓa zuwa ya cire ba.

Ta same shi a shagonsa yana naɗe waya. Ya ba ta kujera, ya miƙo ruwa, bai tambaye ta abin da ya kawo ta ba. Ta juya kofin a hannu, ta sake juyawa.

"Dogo, taka hanyar ta ina ta biyo?"

Ya ja labulen taga ya nuna mata tsaunin. "Daga ƙarfenki zuwa can. Daga can ta sauka ta ɗaya gefen, wurin wasu masu sari daban. Ba ta san mararraba ba."

"Nawa?"

"Yadda abokina yake biya."

Bakinta ya tsuke da kansa. "Rage..." Ta haɗiye sauran. Dogo ya sunkuyar da kai yana danne dariya, ita ma sai da ta murmusa, idonta cike da ƙwalla.

"Yau zan kunna miki," in ji shi. "Amma mega hamsin ba za ta ɗauki jama'arki duka ba. Babban faranti sai a ƙololuwa, don sabon benen da aka gina a tsakaninmu ya fara tare ƙasa. Ban taɓa auna ƙarfen abokina ba. Hanyar kawai nake auna miki."

"Farantin marigayi fa, kai za ka hau ka sauko mini da shi. Da hannunka, ba ɗan kwangila ba."

"Na ji."

Kafin ta isa gida fitila ɗaya ta koma kore. 'Yarta ta tare ta a ƙofa.

"Umma, nawa aka tsaya? Nawa ya rage?"

Ta cire mayafi, ta ɗaga kai ta dubi ƙarfen.

"Bai rage komai ba. Kuɗin da babanki yake biya, cif. Da ƙololuwar ƙarfe a kai. Na ce na saya."

Darasi: Kafin ka tambayi nawa ne, tambayi ta ina ya biyo. Madogara biyu da suka fito daga tushe ɗaya rana ɗaya za su yashe ka, kuma mutumin da ka raina don tsadarsa wataƙila shi ne mai tsaron bayanka. Ku tura wa duk mai sana'ar da kuka san ƙwarewarsa a ciniki ta fara rufe masa ido.