Malamin da Ya Karanta Lissafi da Kunne

Akwai wata mata da ke aiki a wani ƙaramin kamfanin buga littattafai, ana kiranta Anti Waƙafi, don ko waƙafi ɗaya ya ɓace a shafi sai ta gano shi. Aikinta ɗora littattafai a intanet.

Da aka kawo sabon littafin lissafi, manaja ya ce, "Kada ki wahalar da kanki. Ɗauki hoton kowane lissafi ki manna, a wuce wajen." Kwana uku ta gama.

Wata safiya sai ga wani dattijo ya shigo yana lalube da sanda. Malamin lissafi ne da ya rasa ganinsa, wayarsa ce ke karanta masa rubutu.

"'Yata, saurari littafinku," in ji shi.

Wayar ta karanta bayani tiryan-tiryan. Da ta iso kan lissafin sai ta ce, "Hoto. Hoto. Hoto."

Malam ya yi dariya. "Shekara talatin ina koyarwa, ban taɓa jin lissafin da amsarsa hoto ba. Makarantarmu ta koma wannan littafi. In ban iya karanta shi kafin a dawo hutu ba, za a ba wani ajina."

Manaja ya taɓe baki. "Baba, ai ba za mu sake aiki saboda mutum ɗaya ba."

Kunya ta rufe Anti Waƙafi, don hannunta ne ya manna hotunan. Ta ce, "Yallaɓai, a ba ni mako uku. Sauran aikina ba zai tsaya ba."

Ta zauna ta sake rubuta lissafin ɗaya bayan ɗaya, da alamomin da waya ke iya furtawa. Duk Alhamis Malam yakan zo ya zauna kusa da fanka yana saurare.

Ran nan ya ɗaga hannu. "Tsaya, 'yata! A nan an tsallake alamar ɗebewa."

Ta duba asalin littafin. Gaskiyarsa ce: kuskuren ya wuce marubuci, ya wuce edita. Kafin su gama, kunnen Malam ya kamo irinsa goma sha ɗaya, ga shi saura kwana huɗu a kai littafin injin bugawa.

Ranar, manaja da kansa ya ɗauko wa Malam kujerarsa mai laushi, yana sosa ƙeya.

Ɗalibai masu ƙananan wayoyi ma suka riƙa aiko godiya, wai yanzu ko sun ƙara girman lissafin ba ya dusashewa.

Da aka dawo hutu, Malam ya kira ta a waya daga bakin ajinsa. Ta jiyo hayaniyar yara, ta yi murmushi, ta jawo littafi na gaba.

Darasi: Kada ka raina koken mutum don shi kaɗai ne ya kawo shi. Aikin da ka gyara domin mai buƙata ta musamman, kowa zai amfana da shi, har da kai. Ku tura wa masu rubutu da masu ɗora karatu a intanet.