Dutsen Da Waziri Jatau Ya Sa Aka Shanya

A can zamanin da, tun ana auna nisan gari da kwanan raƙumi, an yi wani sarki mai suna Barau. Sarkin nan ba ya tsoron yaƙi, amma yana tsoron akushi, domin da guba a cikin miya aka kashe mahaifinsa. In an kawo abinci sai ya zuba masa ido har ya huce, ya ɗan taɓa, ya ture. Ya rame har wuyan riga ya yi masa yawa.

Ana nan sai wani falke ya sauka daga gabas, ya kawo gaisuwar duwatsu biyu, ɗaya kore shar, ɗaya mai ruwan zuma. Sarki ya sa aka kira Malam Ilyasu, babban malamin fada.

Malam ya jujjuya su a tafin hannu, ya ce, "Allah ya ba ka nasara, wannan koren sunansa zabarjadi. A wani tsibiri na tsakiyar teku ake haƙo shi. Mutanen da sukan zarge shi da gashin wutsiyar jaki su ɗaura a damtsen hagu, wai yana tsare mutum daga firgita da kambun baka. Wannan kuwa yakutu ne rawaya. An ce in ya kusanci abinci mai guba, launinsa kan dushe. Haka na tarar a littattafai, Allah shi ne masani."

Nan take Sarki ya yi umarni. Aka dasa yakutun a zoben zinariya aka ba Ma'aji Sambo, wanda shekararsa uku kacal a fada, aka ce ya riƙa zama daman Sarki yana gitta hannu bisa kowane akushi. Zabarjadin kuwa, aka zarge shi da gashin wutsiyar jaki, Sarki da kansa ya ɗaura wa Waziri Jatau a damtse, ya ce, "Kai ne idanun mutane suka fi yawa a kanka, Waziri. Kai ka fi bukatar tsari."

Waziri ya faɗi ya yi godiya, amma zuciyarsa ba ta yi ba. Shekara talatin yana bauta, ga nasa dutsen a ɓoye cikin hannun riga ba mai gani, ga na Sambo yana walƙiya duk sa'ad da ya ɗaga hannu. Kuma Sarki ya fara cin abinci, ya fara dariya, kuma duk dariyar da Sambo ake yin ta. Galadima ma bai bar shi ya huta ba. Kullum suka haɗu a ƙofar fada sai ya ce, "Barka da asuba, Waziri. Ya mai wutsiyar, ya sami dusa kuwa?"

Rannan Waziri ya bi ta maƙera, wurin tsoho Gagarau maƙerin fari, wanda ya ƙera zoben. Ya ce, "Sambo ɗan'uwana ne, ba na so ya yi ɓarna da rashin sani. Me ya kamata ya kiyaye?"

Gagarau ya ce, "Ranka ya daɗe, rana. Irin wannan in ya sha rana kwana da kwanaki, sai ya koɗe ya koma kamar ruwan rijiya."

Da la'asar Waziri ya ja Ma'aji gefe, ya rage murya. "Ba kowa zan gaya wa ba. Dutsen nan ɗan rana ne, da ita yake ƙoshi. Ka riƙa shanya shi bisa soro daga hantsi zuwa la'asar, ƙarfinsa zai ninka."

Sambo ya riƙe hannunsa da hannu biyu. "Baba Waziri, Allah ya saka. Wa zai gaya mini in ba kai ba?"

Dabarar Waziri ita ce, in dutsen ya koɗe, ya ce Ma'aji ya sayar da na gaske ya dasa gilashi. Aka yi kwana arba'in. A duhun zaure ba wanda ya lura. Sai ranar sunan jikan Sarki, aka yi shimfiɗa a fili ƙarƙashin rumfa. Sambo ya gitta hannu bisa tuwo, haske ya bugi zoben, Sarki ya ga dutse fari fat.

Ya miƙe zumbur. "Guba! A kamo mini mai girki! A kira hauni!"

Wannan ne Waziri bai lissafa ba. Mai girkin Sarki ba kowa ba ce illa Tabawa, yayar Waziri, wadda ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu. Dogarai suka shigo da ita, hannunta duk garin kuka. Hauni ya tsaya a bayanta da takobi. Ta dubi ƙanenta ta ce, "Jatau, kana tsaye kana kallo?"

Ƙaryar da ya tanada tana nan a bakinsa. Kalma ɗaya, Tabawa ta kuɓuta, kan Sambo ya tafi, kujerar dama ta zama tasa. Har ya buɗe baki. Sai ya ga Sambo ya durƙusa yana naɗe hannun riga.

"Allah ya ba ka nasara," in ji Sambo, "shekara uku ina cin tuwon Iya. In da guba, bari ta fara da ni."

Waziri ya ture hannunsa. Ya yanki loma, ya dangwali miya, ya haɗiye. Ya ƙara, ya ƙara. Sa'an nan ya kwance rawaninsa ya ajiye gaban Sarki, ya faɗi abin da ya yi tun daga maƙera har zuwa soro, bai rage komai ba. Aka kira Gagarau, ya tabbatar.

Sarki ya dubi rawanin da ke gabansa. Can ya ce, "Waziri, me Sambo ya yi maka?"

"Ba abin da ya yi mini, ranka ya daɗe. Zama ya yi kusa da kai."

"To, ka ji hukunci. Ka kashe mini dutse, kai za ka maye gurbinsa. Shekara guda ba rawani, ba doki. Duk akushin da aka kawo kai za ka fara ɗanɗanawa, a ƙasa, gaban Ma'aji. Ran da ya ce ya yafe, ran nan za mu duba maganar rawani. Tabawa kuwa a ba ta kyautar shanu goma da gida, a kuma ba ta haƙuri da bakina."

Haka aka yi. Fada ta koma daidai, Sarki ya ci ya ƙoshi. Sambo ya yafe tun kafin wata ya mutu, amma Sarki ya ce shekara shekara ce. Tabawa kuwa ba ta yi saurin yafewa ba. Kullum ita da kanta take kawo akushi, ta dire gaban ƙanenta, ta ce, "Ci, Jatau. Ka gaya wa Sarki in na sa wani abu."

An ce duk shekarar nan, gefen da Tabawa ke juya wa ƙanenta don lomar farko ya fi ko'ina barkono, kuma Waziri bai taɓa kai ƙara ba.