Suturar da Haladu Baduku Ya Zaɓa

An yi wani mutum a wani gari, baduku ne, sunansa Haladu. Bawan Allah ne marar hayaniya, kullum yana rumfarsa da fatu da basilla. Ku saurara, jama'a, kuma kada kowa ya sunkuyar da kai, maganar yau ta ma'aurata ce, kunya kuwa ba ta hana neman sani.

Haladu yana da mata, Zulai, yana son ta irin son da ba ya iya faɗa da baki. Da ta zo haihuwar fari, sai da aka yi mata tiyata, jini ya ɓalle, har an fara salati a kanta. Allah Ya tashi kafaɗarta, ta dawo gida da 'yarsu Ummi. Amma likita ta kira Haladu gefe ta ce, "Malam, in ta sake ɗaukar ciki kafin jikinta ya warke sarai, ina jin tsoron ba za ta tashi ba." Aka gwada ƙwayar hana ɗaukar ciki, ba ta karɓe ta ba. Aka gwada allura, ita ma haka. Sai aka ba shi kwaroron roba daga asibiti.

Na ga wasu suna murmushi. Ku yi, amma ku saurara.

Irin da aka ba shi mai kauri ne. Shi bai ji daɗinsa ba, ita ma yana damun ta. Abin da ya fi wannan ciwo, Zulai ta fara zargin ko mijinta ƙyamarta yake tun da aka yanka ta.

Ta ce, "Baban Ummi, wannan shamakin fa? Kamar ana gaisawa da safar hannu. Ka bar shi, Allah ne mai tsarewa."

Ya ce, "Shi ne mai tsarewa, kuma Shi ya ba mu hankali."

Ku sani, ransa ma yana son ya bari. Mutum ne, ba dutse ba. Amma maimakon ya bari, sai ya danne kunyarsa ya tafi kemis ɗin bakin kasuwa. Ya tsaya, ya yi ta duban maganin tari, bakinsa ya kasa furta sunan abin. Can ya ce a hankali, "Sutura nake nema."

Mai kemis, wani mai barkwanci da ake kira Ɗanjummai, ya ce, "Sutura? Ai 'yan yadi suna can layin baya, Malam Haladu!" Da ya ga gumi a goshin baduku sai ya gane, ya rage murya. Haladu ya faɗa masa damuwarsa. Ɗanjummai ya ce, "Ai ba kai kaɗai ba ne. Duniya yanzu marar kauri take nema, masu yin sa a ƙasashen waje gasa suke wa zai fi yin shara-shara."

"Ba zai yage ba? Rai ne fa a bayansa."

"In mai inganci ne da aka gwada, bai kwana a rana ba, wa'adinsa bai wuce ba, kauri ba shi ne ƙarfi ba."

Haladu ya gyaɗa kai. Shi da yake taɓa fata kullum, ya san fatar akuya da ta ji jima mai kyau ta fi ƙirgin sa mai kauri da aka yi wa ha'inci. Ya saya, ya cusa a aljihu.

To, ashe an gan shi. Kafin a jima magana ta zaga gari: baduku mai sahun farko a masallaci ashe neman mata yake. A majalisa ana ce masa, "Malam Sutura, an shigo?" Waɗanda ke kawo masa ɗinkin takalmi suka ja baya. Kalma ɗaya za ta wanke shi, ya ce matata ce ba ta da lafiya. Bai faɗa ba. Bai faɗa ba, jama'a! Ya gwammace a ci namansa da a baza sirrin jikin matarsa a kasuwa.

Ran nan bayan la'asar ya dawo gida, ya tarar da Zulai zaune bakin murhu, ido ya yi ja. A gidan suna ta ji maganar.

Ta ce, "Me ya sa ba ka gaya musu ba? Sunanka ya ɓaci saboda ni. Wace irin sutura ce wannan da ta tsiraita ka?"

Ya durƙusa gabanta, ya karɓi Ummi daga cinyarta, ya ce, "Zulai, ranar da aka fito da ke daga ɗakin tiyata, na ga farin zanen da aka lulluɓe ki da shi, na ɗauka likkafani ne. Sutura biyu ce a gabana. Ko wannan da ake yi mini dariya a kanta, ko waccan da ake yi wa mutum a kai shi makwanci. Gara in yi ta jin kunya a kemis da in yi miki waccan."

Zulai ta rufe fuska da gyale tana kuka. Ta gane ba ƙyama ba ce. Wallahi ni ma duk sanda na zo nan a labarin sai muryata ta karye.

Ta warke. Ummi ta yi wayo, ta samu ƙane lokacin da likita ta yarda. Gari kuwa bai taɓa ba Haladu haƙuri ba, shi ma bai nema ba.

To, 'yan'uwa, so ba a baki yake ba, yana cikin abin da ka haƙura da shi don wani ya rayu. Kai magidanci, in an ce maka jikin iyalinka yana bukatar hutu, kada jin daɗinka ya fi ranta. In abu ya dame ku, ku yi magana, ku nemi wanda ya fi sauƙi, neman sauƙi ba laifi ba ne. Ku kuma 'yan majalisa, in kun ga mutum ya fito daga kemis yana ɓoye abu a aljihu, ku kame bakinku. Wataƙila ran matarsa ne ya ɗauko.

Allah Ya suturta mu da iyalanmu.