Tsagar da Ke Ƙarƙashin Murfi

An ce wai a wani gari an yi wani kafinta, Malam Nomau, wanda kullum ake ganin jan fenti a gefen farcensa, alhali kujeru da gadajen da yake yi ba mai ja a cikinsu. Ba wanda ya taɓa tambayarsa dalili.

Dalilin kuwa shi ne, shekara goma sha ɗaya yana sassaƙa jita mai lantarki a bayan shagonsa, yana shafa mata jan fenti. Wani ɗan kasuwa, Alhaji Mamuda, shi ke kawo masa tsirkiya da wayoyi, in ya gama ya karɓe, ya manna tambarin Japan, ya sayar da araha. Sharaɗinsu ɗaya ne: ranar da aka ji bakin Nomau, ranar aikin ya ƙare. Da wannan aikin kuwa yake ci da gidansa.

Ana nan sai wani makaɗin biki, Ɗanliti, ya kai ƙarar Alhaji Mamuda gaban Alƙali Haladu. Shekara biyu yana kaɗa jitar da ya saya wajen Alhaji yana alfahari da ita, sai abokansa suka fara yi masa dariya. Wuyanta ya ce Japan, kwalinta ya ce Sin, wayoyin cikinta suka ce Indunusiya.

"Allah ya gafarta Malam," in ji Ɗanliti, "jita ɗaya uwa uku? A faɗa mini inda aka haife ta."

Alhaji Mamuda ya ce, "Yaro, kai da ko Legas ba ka taɓa zuwa ba, me ka sani game da Japan?"

Alƙali ya sa aka kira wanda ya fi kowa sanin katako a garin, sai ga shi Nomau ne. Ya zauna a gefen tabarma. Ya ƙudura zai ce bai sani ba.

Amma alƙali bai tambayi ƙasar da aka yi ta ba. Ya ce, "Kowannenku ya faɗa mini aibinta guda ɗaya."

Alhaji Mamuda ya ce ba ta da aibi. Ɗanliti ya juya ta, ya ce shi dai bai taɓa jin ta yi masa gardama ba. Alƙali ya miƙa wa Nomau ita, ya ce, "To, baba, ka ji. Sun ce aiki ne wanda babu kuskure a cikinsa. In rubuta haka?"

Nomau ya riƙe ta. Ya tuna da ranar da kurfin sassaƙa ya zame masa a jikinta, ya tuna yadda abin ya dame shi mako guda. Tsoro ya ce ya yi shiru, amma bakinsa ya riga shi.

"Kada a rubuta. Akwai tsaga a ƙarƙashin murfin baya, an cike ta da gam da garin katako."

Aka kawo sukundireba aka kwance murfin. Ga tsagar nan, tsawon ɗan yatsa.

Alƙali ya ce, "Mai sayarwa kyau ya sani, mai saye daɗi ya sani. Abin da ke ƙarƙashin murfi kuwa, sai wanda ya rufe shi. Ɗanliti, a garin nan aka haifi jitarka, ga ubanta zaune. A kankare tambarin nan, a rubuta sunan Nomau. Alhaji, kada ka sake manna wata ƙasa a kan aikin wani."

Alhaji Mamuda ya tashi yana kaɗe riga, bai ko dubi Nomau ba. Nomau ya san aikin ya ƙare. Sai ya juya wajen saurayin, yana jiran ko kalma ɗaya.

Ɗanliti ya daɗe yana kallon jitar. Sannan ya ce, "Ashe ta gida ce." Ya jingina ta da bango. "In hau dandali da aikin kafinta? Baba, ka riƙe abarka."

Masu hikima suka ce: alƙali yana iya gano hannun da ya yi aiki, amma ba ya iya sa mutane su girmama shi.

Nomau ya mayar da murfin, ya ɗaure kusoshin ɗaya bayan ɗaya, ya bar ta a jingine. Ya nemi takalmansa a bakin ƙofa, ya fita.