Shaida Mai Wari

An sace wa Cindo akori-kurarsa shaƙe da ɗanyen kifi. Kafin 'yan sanda su gano ta a daji, kifin ya ruɓe. Suka jawo ta har gindin tagar Sufeto Gambo.

Cindo ya je karɓa, Sufeto ya ce, "Motar nan shaida ce. Sai an kama ɓarawo za ta fita. Wanda duk ya taɓa shaida, a bayan kanta zai kwana."

"Gaskiya ne, Yallaɓai."

Da rana ta take, ƙudaje suka cika ofis. Sufeto ya toshe hanci ya ce, "Kai, kwashe kifinka!"

"Ni? Tare fa aka sace su. Shi ma shaida ne, ina ni ina taɓawa?"

"Na yarda ka taɓa!"

"To a me zan kwasa, Yallaɓai? Motata tana hannun hukuma."

Sufeto ya jefo masa makulli. "Ɗauke su duka, ka ɓace min!"

Cindo ya tayar da mota, ya leƙo ya ce, "Kada shari'a ta lalace, Yallaɓai. Warin na bar muku, a adana shi da kyau."