Injiniya Ɓera da 'Yar Butar Baba Raƙumi

Ga ta nan tafe da ƙarar salansa, ku gyara zama ku tare ta.

A tashar motar namun daji akwai wani Ɓera da yunwa ta mayar kamar tsinken tsire. Wata rana yana neman ɓarɓashi a ƙarƙashin sitiyarin wata mota, haƙorinsa ya taɓa waya, sai ga jar fitila ta kama a gaban direba. Ya mayar da wayar, fitila ta mutu. Ɓera ya yi tsalle ya dire, ya ce, "Kai! Ashe a kan tukunyar tuwo nake kwana ban sani ba."

Nan da nan ya yanki tsumman baƙin mai ya yi riga, ya ɗaura tabarau na marafan kwalba, ya soka waya a gwangwanin kifi ya ce kwamfuta ce.

Ana cikin haka sai ga Kura da bas ɗinta cike da kilishi. Tana shiga rumfar mai abinci ya sulale ya sassauta wayar batir. Da ta dawo ta tayar da mota, fitila ta yi jawur. Kura ta ɗora hannu a ka tana salati.

Ɓera ya fito yana taƙama. "Gwaggo, share hawayenki. Ni ne Injiniya, ɗan ƙarami mai babban aiki! Mota ta yi tari in san abin da ta ci jiya."

Ya kafa gwangwani a bonet, ya kasa kunne, ya girgiza kai. "Ash! Kwamfuta ta ce batir ɗinki ya yi fushi. Juya baya, aikinmu ba ya son ido."

Ta juya. Ya ɗaure waya, fitila ta mutu. Kura ta cika masa hannu da kilishi har da sa albarka.

Da gari ya waye sai ga Giwa da tirelar gyaɗa. Tana can wajen shan ruwa ya cusa tsakuwa a gindin birkin hannu. Fitilar birki ta ƙi mutuwa. Ɓera ya zo ya ce, "Ranki ya daɗe, da kin hau gangara da wannan, da yanzu ana zaman makoki." Ya sa ta rufe ido da kunnuwanta, ya zare tsakuwa, ya tafi da tiya biyu ta gyaɗa yana waƙar kansa.

Da gari ya waye sai ga Baba Raƙumi, tsohon direban hanyar arewa, da motarsa akori-kura shaƙe da dabino. Fitilar baƙin mai ce ta kama masa, mai siffar 'yar buta. Wannan kuwa ba aikin Ɓera ba ne, ciwo ne na gaske. Kura da Giwa suka rako shi suna ta yabon Injiniya.

Raƙumi ya ce, "Yaro, in ka gyara, buhu guda naka ne."

Buhu guda! Yawun Ɓera ya tsinke. Ya shiga ya laluba nan, ya ja can, fitila na nan tana kallonsa. Sai ya ce a ransa, "Ai fitila aka kawo ƙara, ba inji ba." Ya zagaya bayan allon fitilun da ke gaban direba, ya kwance ƙwan fitilar, ya rasa aljihu, ya cusa shi a kumatu. Ya fito yana nuna buhu da hannu.

Raƙumi bai yi sauri ba, dama ba halinsa ba ne. Ya murza makulli rabi, ya tsaya yana taune-taunensa irin na raƙuma.

"Shekara talatin ina tuƙi," in ji shi, "kullum na murza makulli sai fitilun nan sun fito gaba ɗaya sun gaishe ni, sannan su koma. Ga ta batir, ga ta birki. Yaro, ina 'yar butata? Mai lafiya ai ba ta ƙin gaisuwa."

Ɓera ya ce, "Mmm."

Raƙumi ya buɗe bonet, ya zaro ƙarfen awon mai, ƙarfe a bushe ƙamas. "Da na kama hanya haka, da injina ya ƙone a tsakiyar yashi."

Kura ta leƙo. "Injiniya, yau ina bakin naka? Jiya ai har ka ishe mu."

"Ko ƙwarewa ya yi?" in ji Giwa, ta ɗan bubbuga bayansa da hanci. Tul! Ƙwan fitila ya yi tsalle ya faɗa gaban Raƙumi, tabarau ya bi shi, tsumma ya zame.

"La! Ɓeran bayan rumfa ne!" in ji Kura. "Kilishina!"

Ɓera ya daka tsalle cikin inji. Kura ta maka bonet, ya datse masa rabin wutsiya. Ya ƙwace, ya faɗo ta ƙasa, ya goga baya a salansa, ya fito baƙi ƙirin yana ɗingishi. Sai da ya kai bakin raminsa ya juyo, ya ɗaga guntun wutsiya.

"Baba, ka faɗi gaskiya dai, fitila ta mutu ko ba ta mutu ba? Ni na cika aikina! Ku ajiye mini buhuna, gobe ina duba tayoyi!"

Ƙurunƙus! Kan ɓera ya tsira, wutsiya ce ta sha bonet.